Ƙafa Uku a Kan Benci

Tun Talata ruwa bai ɗauke ba
a Blaenau, garinmu na dutsen allo.
Na shimfiɗa tsohon bargo a bencin gareji,
na jera ƙafafun gaban babur guda uku.

Ta farko ta babana ce, Gethin Prydderch.
Da ita babur ɗin ya fito daga masana'anta
shekara biyu kafin babban yaƙi.
Ta lanƙwashe ranar da ya kauce wa tunkiya
a kwanar gadar da ke ƙasan coci.
Ya tashi da karayar kafaɗa
yana tambaya ko tunkiyar ta ji ciwo.
Da ya warke ya bi ta da guduma,
ya ƙara shekara ashirin a kanta.
Yanzu tsatsa ta ci ta ƙoshi.

Ta biyu daga Ludhiana ta zo cikin kwali,
naɗe da jaridar da ban iya karantawa ba.
Fam ɗari biyu da 'yan kai.
Fentinta na sheƙi kamar bayan buzuzu,
amma bi waldar da yatsa
ka ji ƙuraje.
Sifirin ya yi tauri, notin ya ƙi sifanata.

Ta uku wani tsoho ya ƙera a Dudley.
Wata tara na jira, sai ka ce haihuwa.
Ta cinye albashin wata biyu
ta kuma leƙa tukunyar na uku.
Ba tabo, ba ƙari,
miƙaƙƙiya kamar shaidar wanda bai san kowa ba.

Maƙwabcina Idwal ya shigo yana ɗiga,
tabarau a goshi, ma'auni a aljihu.
Ya ce, Eirlys, me ya rage na kwatance?
Araha ba ta ado.
Mayar da ta kwali, kawo ta Dudley.

Muka zura ta a wuyan firam, muka shafa giris,
muka ɗaura taya, muka ja zare
daga ta baya zuwa ta gaba.
Zare ya ƙi kwanciya.
Muka kwance, muka sake ɗaurawa,
shayi ya huce har sau biyu,
tayar gaba na nan tana satar kallon hagu
kamar wadda aka kira sunanta a kasuwa.

Idwal ya daɗe yana shafa ƙarfen.
Ya ce, laifin ba na ƙafar ba ne.
Ranar tunkiya wuyan ma ya karkace,
kaurin ƙwayar alkama, bai fi ba.

Sai na tuna bayansa.
Ina 'yar bakwai, na ƙanƙame rigar fatarsa,
kullum kafaɗar dama a ƙasa,
ko a miƙaƙƙen titi.
Duk tsawon shekarun nan na ɗauka karayar ce.
Ashe babur yake lallashi.

Don kawai kada a ce ba mu gwada ba
muka sa ta Ludhiana.
Wani maƙeri can, da ban san sunansa ba,
wataƙila yunwa ta kama shi dab da tashi,
hannunsa ya zame dama, kaurin ƙwayar alkama.
Muka ja zare.
Ya kwanta lumui.

Idwal ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ce, karkatacce biyu ba sa haifar miƙaƙƙe.
Kai firam ɗin Wrecsam a gasa a miƙar,
sannan ki sa mai tsadar, ki hau da kwanciyar rai.
Na san gaskiyarsa.
Ba na wasa da abin da zai ɗauke ni a gangaren dutse.

Amma in an miƙar da wuyan nan
an shafe tunkiyar, da gadar,
da kafaɗar da ta sauka don in isa makaranta.

Ya tafi cin abinci.
Na bar zaren a ɗaure,
na zauna a kan sirdin, ba inji, ba fitila,
na kama kan babur ɗin da hannu biyu.
Ban san lokacin da kafaɗata ta dama
ta sauka ba.