Littafin Tanimu

Tanimu ya dawo daga Maroko,
ya iske ni Farin Gada ina kasa tumatir.
Ya buɗe ɗan littafinsa:
shayin na'ana'a, dirhami goma;
ɗakin kwana, sai tsaki.
Wai burodi can araha ne,
amma da mai shago ya ji harshenka
sai kuɗin ya miƙe tsaye.

Na ce, "Mu ma haka muke
in Bature ya ratayo kyamara."

Ya ɗaga kabeji guda.
Na faɗi kuɗi.
Ya dube ni, ya dubi kabejin:
"Ladidi, ni ɗan gida ne fa,
wata ɗaya kacal na yi."

Na ce, "Kuɗin 'yan gida na faɗa maka.
Naira ba ta jira ka ba."