Daron Mama

Tun kafin ladanin unguwarmu ya yi kiran farko
Mama ta durƙusa a bakin gado.
Addu'arta ba ta kai numfashi biyu ba:
"Yesu, ga hannuwan, ka san inda za su."
Sai ta ɗauki daron nan mai lotsattsen baki,
da tawul, da sabulu,
ta tari motar Shuni, ta sauka Amanawa.

Ni kuwa na tsani daron.
Na tsani warin magani da ke biyo ta gida,
ya shiga tuwo, ya shiga zanen Lahadi.
A makaranta in na miƙa biro sai a janye hannu:
"'Yar mai wankin kutare."
Na haɗiye maganar,
ta tsaya mini a maƙoshi shekara ashirin.

Shekarar da na cika sha biyu
kuɗin atamfar Kirsimeti ya bi hanyar baduku,
ya dawo takalmi mai laushi
don wani Ɗan'ige, mutumin Kware,
wanda ƙusa kan kwana a tafin ƙafarsa bai sani ba.
Na je majami'a da rigar bara, an sauke mata kalmasa.
Ban buɗe baki ba.
Mama na can layin zumuntar mata
tana buga tulu, kai ka ce gado ta ci.

Da aka kira ta asibitin kuɗi a Kaduna,
albashi ninki uku, gida da fanka,
Kawu Istifanus ya taso takanas daga Zuru:
"Afiniki, ke kaɗai Allah ya aika?"
Ta ce, "A'a, Yaya.
Amma ƙafar da ba ta jin zafi,
dole wani ya ji mata."
Ya kaɗe hularsa, ko ruwa bai sha ba.

Bara, ana tsakiyar zafin bazara,
hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu.
Hannun dama ya naɗe ya ƙi buɗuwa,
hannun da ya naɗa bandeji ba adadi.
Na tsaya a kanta ina yi wa Allah lissafi:
wannan ne ladan?

Ran nan sai ga kabu-kabu a ƙofar gida Mabera.
Wani tsoho ya sauko da gorar fura,
takalminsa ya sha faci har ba a gane asalinsa.
Ni na gane shi.
Atamfata ce.

Na kai hannu zan karɓi kofi, ya ce,
"Ɗiyata, bari. Wanga dungu ya san aikinai."
Ya matse kofin tsakanin tafuka biyu marasa yatsu,
ya kai bakin Mama a hankali,
ko ɗigo bai zuba ba.
Da azahar ta yi ya tambaye ni gabas,
na shimfiɗa masa tabarma gindin dogonyaro.

Ba zan ce na zama ita ba.
Har gobe a banki nake, ina ƙirga na wasu,
kuma in an taɓa nawa, ina jin zafi.
Gicciyen da ke wuyana na azurfa ne, ba shi da nauyi.

Amma daren nan na janyo daron daga ƙarƙashin gado,
na zuba ruwa, na gwada shi da gwiwar hannu
yadda na sha ganin tana yi.
Na ɗaga ƙafarta.
Ashe duk faso ne, kamar fadama a watan rani,
ban taɓa dubawa ba.

Na daɗe ina cuɗawa, ba mai magana.
Can ta motsa karkataccen bakinta,
na sunkuya ina jiran wa'azi.

"Liyatu," in ji ta,
"tsakanin yatsun. Nan ake mantawa."