Koren Zare

Daren da kogi ya tumbatsa ya shiga ɗakunan Kabala,
aka ce wani ya ɓullo daga ruwa, fuska a rufe,
tsohuwa a bayansa, zanin jariri a haƙora,
ya sauke su a tudu, ya koma ya nitse kamar dutse.
Yara suka raɗa masa suna Kada.
Ni kuma, Barira mai ɗinki a Kakuri,
na ɗauke shi na sa a labari.

Bayan isha, in keke ya yi shiru,
sai in ɗau waya in ba shi abin da gari bai ba shi ba:
murya, ɗaki, yunwa, har da budurwa.
Zuwaira na kira ta, na ba ta wushiryar da ba ni da ita.
Masu karatu suna ta roƙo, a ɗaura, a ɗaura.

Rabilu mai gyaran janareta a Panteka,
shi ne nawa na zahiri, mai zuwa zance a makare.
Da hadari ya haɗo gabas sai ya fara kallon agogo.
Rannan ya bar ni da tsire a takarda, magana rabi a baki,
wai injin wani Alhaji ya tsaya a Malali.
Wane irin inji ne ba ya ciwo sai da damina?
Kwana tara ina fushi.
Na juye fushin a babi na sha huɗu,
na sa Zuwaira ta ce, ga namiji,
ba irin masu gudun yayyafi ba.
Ya karanta. Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, jarumin naki ya cika tsawo.

Ran Talata ƙanwata ta miƙo min waya,
hoto mai rawa, an ɗauka daga kan gada,
fitilar mota ta lashi kafaɗarsa na ƙiftawar ido.
Gari ya ga jarumi.
Ni na ga zare.
Koren zare a baƙar riga, don baƙin ya ƙare min ranar,
ƙulli biyu a ƙarshe, yadda kakata ta koya min.
Ni ce ma na ce masa, wa zai lura?

Na koma babi na ɗaya, gabana yana faɗuwa.
Ashe na ba Kada tabon bayan kunnen Rabilu,
na ba shi hura shayi sau uku kafin kurɓa.
Hannu ya riga kai sani.
Kuma cikin masu karatuna
akwai waɗanda ya hana kwasar kayan mutane a ambaliya.

Sai na koyi ƙarya.
Na mai da shi bahago, na dasa masa gemu,
na kwashe ɗakinsa na kai Kawo.
Zuwaira na tura ta karatu Zariya,
ba zan zauna ina kallo tana wanke raunin da yake nawa ba.
Suka ce labarin ya yi sanyi.
Ya yi.

Jiya ya zo, laka a ƙafar wando, kogi a numfashinsa,
wai mota ce ta watsa masa ruwa a Kasuwar Barci.
Na ce, direbobin garin nan sai addu'a.
Bai tambaya ba. Ban faɗa ba.
Na ce, kawo baƙar rigar nan, kafaɗarta ba ta yi min ba.
Na farke koren, na bi da baƙi,
ƙulli ɗaya, irin na kowa,
na datse zaren da haƙori.

Gabas ta yi walƙiya.
Ya dubi agogo, ya dube ni.
Na ce, tashi, kada injin Alhaji ya kwana a mace.

Tsiren ya huce a takarda.
Waya na kan cinyata, babin ba ko harafi.
Ina zaune ina ƙirga tsawa.