Manajan Kogo

Shekara ashirin da uku ina riƙe da littafin lissafi
a magazen siminti, bayan Kasuwar Dole.
Buhu ya shigo, in rubuta. Buhu ya fita, in rubuta.
Ran nan da aka ɗauke wuta,
Zuwaira, 'yar ƙanwata, ta kifa turmi ta zauna
tana ƙyalƙyala dariya, ita da waya.

Na ce, lafiya?
Ta ce, Kawu, labarin 'yan Koriya ne.
Wani ma'aikaci aiki ya kashe shi kan tebur,
ya buɗe ido a wata duniya,
aka miƙa masa makullin kogon dodanni,
aka ce daga yau kai ne manaja.

Na ce, a'uzubillahi, wanda ya tafi ya tafi.
Amma ko a tatsuniya, kai jama'a,
a ce ka mutu, kuma Litinin ta biyo ka?

Na ci tuwo, na sha shayi na uku, na miƙe ƙafa.

Sai ga ni ƙarƙashin duwatsun Birni,
waɗanda muka goge wanduna a kansu muna yara,
ashe cikinsu rami ne, hawa bakwai.
An ba ni kujera, an ba ni alƙalami,
da littafin lissafi. Shi dai, ko a nan!
Wani allo mai shuɗin haske na shawagi gaban hancina:
Mataki na ɗaya. Dukiya, dala huɗu.

Dodanni sun ja layi.
Ƙwarangwal ya ce wata uku ba albashi,
dube ni, Manaja, duk na rame.
Macijin nan mai fukafukai, mai aman wuta,
ya kawo takardar likita: tari yake, sai hayaƙi.
Gizo-gizon hawa na biyar tana son hutun haihuwa,
'ya'ya ɗari takwas, ga kuɗin rago.
Wani abu mai yauƙi, kamar miyar kuɓewa,
ya kwanta kan rasiɗai, ya lashe watan Yuli.

Na nemi ruwa. Suka ce,
kogo ne, gaskiya, amma a Damagaram yake:
famfo sai ukun dare, in ya ga dama.

Can sai ga jarumai, su huɗu,
takubba na walƙiya, sun zo kwashe taska.
Na ce, sannunku da hanya. Shiga jika guda-guda,
kuma a cire takalmi, yanzu aka yi shara.
Babbansu ya ce zai sare ni.
Na ce bismilla, amma sa hannu tukuna,
nan, da nan, kwafi uku.
Kafin la'asar takardu sun gama da su.
Biyu sun koma gida,
ɗaya na sayar masa da kilishi,
na huɗun na ɗauke shi gadi.

Maciji kuwa, citta da zuma, safe da yamma.
Wuta ta dawo,
muka buɗe wurin tsire a hawa na biyu.
Allo ya yi ƙara: Mataki na tara!
Lissafi ya zauna daram, har da rarar dala,
abin da bai taɓa faruwa ba a magazen Alhaji Tankari.

Ƙwarangwal na yi mini tafi,
ƙasusuwa ƙas, ƙas, ƙas,
ashe Zuwaira ce ke buga ƙofar kwano:
Kawu, tirela ta iso, buhu ɗari shida.

Da muka zo wajen duwatsun
na ce wa ɗan kabu-kabu ya sassauta.
Wani ƙadangare a bakin tsaga
ya gyaɗa mini kai sau uku.
Na ce, na gani, na gani,
a faɗa mata na sa hannu kan hutun.

Da dare na ba Zuwaira kuɗin kati.
Ba don komai ba.
So nake kawai in ji
ko mutumin ya biya ma'aikatansa.