Rubutun Dokin Ƙofa

Shekara sittin da bakwai ina shiga ta ƙarƙashinsa,
ina fita ta ƙarƙashinsa,
rubutun da kakan kakana ya sassaƙa a dokin ƙofa.
Layi huɗu, kowanne baƙi biyar.
Ƙirga kam na iya.

Ni ne Kuang, mai fito a mashigar Shitan.
Na san kogin nan kamar yunwar cikina,
na san inda dutse ya laɓe yana jiran kwalekwale,
na san ranar da gajimare zai sauko daga tudun shayi.
Baƙi ɗaya ban sani ba.
A idona sawun agwagi ne a kan laka,
wani kamar tsani,
wani kamar tsoho ya ɗauko itace.

Mahaifina ya ce roƙon arziki ne.
Mahaifiyata ta ce a'a, maganin mugun baƙo ne.
Duk sabuwar shekara mukan shafe shi da mai,
mu rataya masa jar fitila,
mu rusuna wa abin da ba mu ji ba.

Jiya da almuru jikata Ruolan ta dawo,
jaka a baya, tawada a haɓa.
Ta ɗaga kai, ta tsaya cak.
"Kaka, ai wannan waƙar mutanen da ce,
irin wadda Malama Fei ke sa mu haddacewa."
Ta kifa guga, ta hau,
ta sa yatsa daga dama, tana gangarowa ƙasa.
Baƙi biyu suka gagare ta, gara ta ci rabin na uku,
ta cije leɓe, ta cike da ka:

"Ganyen shayi tun yana jariri ake tsinka,
tawada tun tana jiƙe take kama takarda.
Yaro, yau man fitila ne da tsada,
gobe idon da zai duba ne ba ya sayuwa."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe wasiƙa ce aka aiko mini,
ta kwana a bisa kaina har gemu ya yi fari.
Wanda ya iya karanta ta ba shi da buƙatarta,
mai buƙatarta kuwa sai dai ya shafa mata mai.

Kakan kakana, ka yi magana, bari in ba ka amsa.
Ba lalaci ya hana ni ba.
Kwana goma sha ɗaya na yi a aji,
ambaliya ta tafi da shinkafa da rufin makaranta,
aka miƙa mini gora wadda ta fi ni tsawo sau uku.
Ciki ba ya jiran a gama hadda.
Kai da ka san baƙi,
me ya sa ba ka bar mana wanda zai faɗa mana ba?

Katako bai ce komai ba.

Yanzu gada ta haɗiye sana'ata,
kwalekwale yana kife, kaji na kwana a ciki.
Lokaci ya yi mini yawa, ido ya yi kaɗan.
Na ce, "Ruolan, nuna mini guda ɗaya, mai sauƙi."

Ta tsoma yatsa a kofin shayina,
ta ja zane uku a tsaye bisa tebur,
na tsakiya gajere, na hagu ya ɗan karkace.
Ta ce, "Kogi."

Na duba. Gaskiya shi ne,
gaɓa nan, gaɓa can, ruwa a tsaka.
Shekara sittin ina ƙetare shi, ban san yana da fuska ba.

Kafin in tsoma nawa yatsan ya bushe.
Ta yi tsaki irin na malamai,
ta ce, "Kaka, ka cika wasa,"
ta sake rubutawa.