Tambari a Kan Gilashi

Ran Talata aka tashi da ruwa,
irin ruwan Wales da ba ya zuba, sai dai ya rataya.
Gethin Vaughan ya shigo gidan burodina
da lema mai karyayyen haƙarƙari ɗaya.
Ya ce: Eirlys, kawo littattafan.
Na ce: na bana? Ya ce: har na baya.

Shekara shida na jera masa kan teburin kwaɓi,
gari ya hau bangon kowanne.
Ba nauyin burodi ya zo aunawa ba.
So yake ya ga ko ribar da aka haifa a titin nan
a nan take biyan haraji,
ko tana da wata uwa a ƙetaren teku.

Ni na kira su, kada a ce an tilasta ni.
Ƙungiya ce mai ba da shaida:
ka buɗe ciki su leƙa,
wa ya mallaki kamfani, ina yake kwana,
nawa ya shigo, nawa aka miƙa wa hukuma.
In ka fita tsab, su ba ka tambari
kamar faɗin tafin hannu, ka manna a taga.

Dalilina yana tsallaken titi.
Mai kofi ne, rassa ba iyaka, fitila har tsakar dare.
An ce a takarda kullum faɗuwa yake,
faɗuwar da ke ƙara masa reshe duk shekara.
An ce ribarsa na zaune a wani tsibiri
cikin akwatin wasiƙa,
ba ma'aikaci, ba kujera, ba ko butar shayi.
Motarsa kuwa kan kwaltarmu take bi.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kwana biyu Gethin yana juya shafi,
yana cin ɓawon burodi, ba ya magana.
Rana ta uku ya cire tabarau.
Ya ce: kasuwar Asabar, zamanin mahaifinki,
ina cinikinta ya shiga?

Idwal Pritchard, mai karɓar baiko a coci,
wanda ya koya mini cewa sikeli ba ya wasa.
Gwangwanin biskit ne a bayan tanda.
Na san shi tun ina 'yar shekara tara,
na san ƙararsa, na san wa ke buɗe shi,
ban taɓa tambaya ba.
Ashe laifi tudu ne:
ina tsaye kan nawa, ina nuna na maƙwabci.

Fam dubu uku da ɗari biyu, har da tara.
Kuɗin sabuwar tanda kenan, cif.
Na rubuta wa hukuma da hannuna,
na rubuta a bayanin da kowa zai iya karantawa,
ban sa sunansa ba, na sa nawa.
Daren nan ban yi barci ba.
Haushin wa nake ji? Har yau ban tantance ba.

Tambarin ya iso a watan Maris cikin ambulan.
Na manna shi a karkace, na bar shi haka.
Tsohuwa Nesta ta dube shi ta ce:
na tsabtar kicin ne? Na ce: kusan.
Ramin da ke ƙofar asibiti yana nan,
ɗakin karatu Laraba kawai yake buɗewa,
layin mai kofi ya fi nawa tsawo.

Gethin zai dawo baɗi, haka ƙa'idar take.
Tsohuwar tanda tana ƙona gefen hagu,
don haka ƙarfe huɗu nake tashi
in juya faranti da hannu.
Gwangwanin yana kan kanta yanzu, a buɗe,
biskit ne a ciki.