Ɓarawon da Ke Cikin Akwati

Tun daren Talata ruwa ke zuba a Greenock,
kogin Clyde ya yi launin tsohuwar dalma,
sai ga Eilidh Drummond da akwati a hammata.
Ta dire shi kan bencina, ta ce, "Murdo, duba.
Na mahaifina ne. Kuma ɓarawo ne."

Na ce, me ya sata?

Ta zaro jita, ta soka waya kai tsaye a lasifika,
ta taɓa tsirkiya ɗaya.
"Ka ji? Kamar cokali ya taɓi tambulan."
Sai ta bi da wayar ta cikin akwatin amsa-kuwwa,
ta sake taɓawa.
"Yanzu fa? Kamar mai magana a ƙarƙashin bargo."

Na gyaɗa kai kamar na ji.
Ban gaya mata ba, shekara ashirin da biyu
na yi ina dukan ƙarfe inda ake ƙera jiragen ruwa.
Kukan tsuntsu, fiton butar shayi,
siririn sautin da ke bakin jikata in tana raɗa,
duk sun yi ƙaura, ba ko sallama.
Allurar awo ce kunnena yanzu.

Na kwance kusoshi huɗu, ɗaya ba ɗan gidan ba ne.
Warin tsohon mai da hayaƙin taba ya tashi.
Zaren tef ya sha zagaye har ya yi sanƙo,
kawunan da yake gogawa sun yi kanta, ja kamar tsatsa,
tayar roba ta ƙandare, tana tafiya da ɗingishi.

Na ce, ba wuri ɗaya yake satar ba.
Ƙofar shigarsa gajera ce,
sauti in ya zo da tsayinsa sai ya sunkuya,
ya bar hularsa a bakin ƙofa.
Ko kin kashe amsa-kuwwar, wannan harajin sai an biya.
Sauran kuma zaren ne ke ci:
zagayen farko ya ci kaifi,
na biyu ya ci zaƙi,
na biyar, ƙashi kawai yake miƙo miki.

Auduga da sifirit, na goge har ta daina fitowa ja.
Na kore maganaɗisun da ya kwanta a ƙarfe.
Na kunna don gwaji, jita na jingine da bango,
babu mai taɓa ta,
sai allura ta motsa.
Ta kwanta. Ta sake motsawa.

Eilidh ta ɗaga hannu. "Tsaya."

Kan da ke share tsohon sauti ya yi rauni, ashe,
sharar da yake yi ta rago ce.
Duk zagaye, wani abu na leƙowa daga ƙasan shuuu.
Ta kai kunne dab da lasifika, gashinta na ɗiga ruwa.
Ta ce, "Da wannan yake rufe dare.
Yatsu uku, sannan ya saki."

Ni ban ji komai ba. Allura nake kallo
tana ɗaga kai kamar mai barci da aka kira sunansa.

Na ce, duk zagaye ɗaya, raguwa yake.
Ta bari ya zaga sau bakwai. Na ƙirga.
Da hannunta ta kashe.

Na naɗe zaren a gwangwanin taba, na rubuta Drummond.
Na ɗaura sabo, na ɗaga ƙofar da ƙarfen liƙi.
Ta taɓa tsirkiya.
Na ce, ya dawo?
Ta ce, "Rabi. Bar sauran."

Fam talatin na karɓa, ban da kuɗin zare.
Ta sa gwangwanin a aljihun ƙirji,
akwatin kuwa ta lulluɓe shi da kwat,
ita ta shiga ruwan haka nan.